Kwarashi a hannu, kek a tukunya: shirin Sallah a gidan da gyaɗa ba ta karɓi yaro ba

Duk wanda ya tashi a zango, ko Nima ce ta Akra, ko Aboabo ta Kumasi, ko unguwannin Tamale, ya san ranar Sallah abinci ba ya zama a gidan da aka dafa shi. Kafin maza su dawo daga idi kwanuka sun fara yawo. Wannan gida ya aika tuwo da miyar gyaɗa, wancan ya mayar da kwanon da masa ko shinkafa, har maƙwabtanmu Kirista ba a barin su. Da rana kuma yara su ci ado su bazu gida-gida yin barka da Sallah, a ba su 'yan kuɗi, a cusa musu cincin da alewa da kek a hannu, su ci suna tafiya. Babu mai tambayar me aka sa a ciki, don a al'adarmu tambayar ma kanta rashin kunya ce.

To amma akwai gidajen da wannan rana take zo musu da fargaba. Uwar da ta taɓa ganin leɓen ɗanta ya kumbura, idonsa ya rufe, numfashinsa na fita da ƙyar minti goma bayan ya ci ƙuliƙuli, ba za ta iya sakin sa ya bi ayarin yara hankalinta kwance ba. Ko dai ta kulle shi a ɗaki yana leƙen 'yan'uwansa ta taga, ko ta sake shi tana addu'a. Ni a ganina duka biyun ba su yi ba, kuma akwai abin da za a iya yi tun cikin azumi, a tsakar gida, da kayan da ba su fi ƙarfin kowa ba.

Mu fara da rarrabe abubuwa, domin "bai karɓe shi ba" da muke cewa ta haɗa cututtuka daban-daban a buhu ɗaya. Wanda ya sha burkina ko fura da nono cikinsa ya kumbura ya yi ta ƙugi, mafi yawanci sukarin da ke cikin madara ne hanjinsa ba ya iya narkarwa. Wannan ya zama ruwan dare a tsakanin manya a Afirka ta Yamma, yana da takura amma ba ya kisa. Abin da likitoci ke kira alaji daban ne: garkuwar jiki ce take ɗaukar wani sinadari na abinci a matsayin abokin gaba, ta taso masa da yaƙi. Alamunsa kan zo da wuri, daga 'yan mintoci zuwa awa biyu: borin jini, kumburin fuska, amai, tari, shaƙewar murya. Kuma ba sai an ci da yawa ba. Ɗan abin da ya maƙale a cokali ya isa. Akwai kuma na uku, masu cutar da alkama ke lalata musu hanji sannu a hankali, yaro ya yi ta gudawa yana ramewa. Shi wannan ba ya faɗuwa nan take, amma alkama ta haramta gare shi har abada.

Abincin da suka fi jawo alaji a duniya sanannu ne: madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, 'ya'yan itace irin su kashu, alkama, waken suya, kifi, jatan lande da riɗi. Yawancin yara masu matsalar madara ko ƙwai sukan rabu da ita in sun girma. Ta gyaɗa ce mai naci, kusan yaro ɗaya cikin biyar ne kawai yake fita daga cikinta.

Kaka tana da gaskiya, amma rabi

In aka ce yaro ba ya cin gyaɗa, amsar da za a fara ji daga bakin tsofaffi ita ce wannan ai ciwon Turawa ne, mu da kunun gyaɗa aka yaye mu. Kada a yi saurin yi musu dariya, don bincike ya ɗan goya musu baya. A shekarar 2013 masu bincike na Cibiyar Noguchi da ke Jami'ar Ghana, tare da takwarorinsu na Leiden a ƙasar Holan, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa 'yan makaranta kimanin 1,600 a yankin Akra. Gwajin jini ya nuna kusan kashi 17 cikin 100 kamar suna da alajin gyaɗa. Amma da aka yi gwajin fata sai adadin ya faɗo zuwa kashi 2, waɗanda kuma suka ce gyaɗa tana yi musu illa ba su kai haka ba ma. Dalilin wannan rata mai ban mamaki shi ne tsutsar tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a kogi da tafki. Jiki yakan haɗa mata makamin da a gwajin jini yake kama da na gyaɗa. Ma'ana, a ƙasarmu takardar gwajin jini kaɗai ba ta isa a raba yaro da gyaɗa ba. Sai likita ya haɗa da tarihin abin da ya faru bayan yaron ya ci.

Wannan batu yana da nauyi, domin gyaɗa ita ce naman talaka. Uwar da ta hana ɗanta gyaɗa da ƙwai da madara gaba ɗaya saboda 'yan ƙuraje da suka fito masa sau ɗaya, ko saboda wani bidiyo da ta gani a TikTok, tana iya jefa shi cikin tamowa. Hasali ma wani babban bincike da aka yi a Landan, aka fitar a 2015, ya bi jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, ya gano cewa waɗanda aka fara ba su gyaɗa tun ba su shekara ba sun fi tsira, da ragin kusan kashi 80 cikin 100, a kan waɗanda aka hana. Ashe ɗan cokalin markaɗaɗɗiyar gyaɗa da iyayenmu ke damawa a koko bayan wata shida ba banza ba ne. Markaɗaɗɗiya fa, ba ƙwaya ba, don ƙwayar tana shaƙe jariri.

Inda gaskiyar kaka ta tsaya ke nan. Kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba kaɗan ba ne in aka kawo shi makaranta: a makarantar da ke da yara 500 ana maganar yara biyar zuwa goma. Mu da muke tsaye a kansu lokacin rabon abincin makaranta muna ganin su, yaron da zai ture kwano ranar miyar gyaɗa ya ce bakinsa na ƙaiƙayi, a ce masa tsirfa ce. Kuma ga yaron da jikinsa ya riga ya nuna, maganar a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ya saba ganganci ne. Inda ake yin irin wannan, a asibiti ake yi, da awo, likita na tsaye da allura a hannu.

Wahalar ita ce a girkinmu gyaɗa ba ta cika fitowa da fuskarta ba. Tana cikin yajin cicinga da na balangu, don da garin ƙuli ake haɗa shi. Tana cikin dakuwa da kilishi, da garin tom brown da ake dama wa yara. Man gyaɗar da muke saye wajen masu ƙuliƙuli, mai ƙamshin nan da ya fi daɗin suya, ba tatacce ba ne irin na masana'anta, sinadarin da ke tayar da alajin yana nan cikinsa. Wanda ya fi ɓuya kuma shi ne injin niƙa. Injin da ya gama markaɗa wa wata gyaɗar miya shi ne zai niƙa miki shinkafar masa, kuma mai injin, da layin Sallah a gabansa, ba zai kwance shi ya wanke ba. Turmi da taɓarya ma haka, da man da aka soya wani abu a ciki aka juye aka ajiye. Mai matsalar kifi ko jatan lande kuwa, shito ne tarkonsa, ga shi babu wake da shinkafar da ke fita ba shi. Mai matsalar madara ya kula da Milo da wasu botar gwangwani. Abin da ke cikin leda ko gwangwani aƙalla an rubuta abin da ya ƙunsa a jiki, sai a karanta. Na kasuwa da na kwanon maƙwabta ba su da rubutu.

Kek ba ƙwai ba madara

Tun da haka ne, gidan da ke da irin wannan yaro gara ya toya nasa. Ba wai a yi wa yaron nasa daban a gefe kamar majinyaci ba. A yi wanda kowa zai ci, ya zama shi ne kek ɗin gidan, shi za a ba baƙi, shi za a aika maƙwabta. Yaro ɗan shekara shida ya fi jin zafin wariya a kan rashin zaƙi.

Akwai wani kek da Amurkawa suka saba yi a shekarun talauci da yaƙi, wajen 1930 zuwa 1945, lokacin da ƙwai da bota suka yi wuya. Ga yadda yake. A tankaɗe fulawa kofi ɗaya da rabi, da garin koko zalla cokali babba huɗu (wanda ake haɗa cakulan da shi nake nufi, ba kokon safe ba, kuma wanda ba a gauraya da madara ba, mu da muke noma shi bai kamata ya gagare mu ba), sukari kofi ɗaya ko ƙasa da haka, bakin soda cokalin shayi ɗaya, gishiri rabin cokalin shayi. A wani kwano a haɗa ruwa kofi ɗaya, mai sulusin kofi, da ruwan khal ko ruwan lemun tsami cokali babba ɗaya. A juye mai ruwan a kan garin, a gauraya har gari ya ɓace, a tsaya nan. Kada a buga shi kamar ƙullun ƙosai. Sirrin yana wajen haɗuwar sodar da tsamin: su ne suke fitar da iskar da ke tayar da kek a maimakon ƙwai, kuma da sun haɗu aikin ya fara, don haka sai wuta ta yi zafi kafin a kwaɓa. Man da za a sa ya zama tataccen mai na jarka wanda aka karanta jikinsa, da shi kuma za a shafe gwangwanin.

Mai oban ta sa a digiri 180, minti 30 zuwa 35. Wadda ba ta da shi, tukunya da yashi suna yi, yadda iyayenmu suka yi shekara da shekaru. A zuba wankakken yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora a kurfoti a rufe ya yi kamar minti goma, a ajiye gwangwanin a kan yashin, a rufe, a zuba ɗan garwashi a kan murfi don saman ya gasu. Kada a yi ta buɗewa. In an soka tsinke ya fito a bushe, ya yi.

In alkama ce matsalar, aikin ya fi wuya, gara a faɗi gaskiya. Abin da ke sa fulawa danƙo shi ne yake riƙe kek, kuma shi ne ake gudu. Garin shinkafa kofi ɗaya da sitacin rogo rabin kofi suna maye gurbin fulawar, amma sai an dama nunanniyar ayaba biyu a ciki don ta ɗaure su, a rage ruwa da sukari. Duk da haka zai fi saurin marmashewa, shi ya sa ya fi kyau a zuba a ƙananan gwangwanaye maimakon babba guda, a bari ya huce sarai kafin a taɓa. A gwada sau ɗaya cikin azumi a yi buɗa-baki da shi. Daren Sallah ba lokacin gwaji ba ne.

Ni dai na fi karkata ga abin da ƙasar nan ta riga ta iya, wanda tun asali babu alkama a cikinsa. Duk wanda ya bi hanyar Aflao ya san farin biskit ɗin Agbozume da ake miƙowa ta tagar mota. Sitacin rogo ne da madarar kwakwa da sukari da ɗan gishiri. A gida, a ɗan busar da sitaci kofi biyu a kasko da wuta kaɗan, a bari ya huce, a sa sukari rabin kofi, a riƙa zuba madarar kwakwa mai kauri kaɗan-kaɗan har ya haɗu ya zama curi, a murza a yanka, a danna da cokali mai yatsu, a gasa da sassauƙar wuta har ya bushe. Yana daɗewa a gwangwani mai murfi, ba ya narkewa a aljihun yaro. Sai ofam na Asantawa: agada da ta nuna har ɓawonta ya yi baƙi, a daka da citta da albasa da barkono, a sa garin masara da manja a gasa. Su da soyayyar gyaɗa suke cin sa, mu sai mu ajiye wannan ɓangaren. Masa da sinasir da tubani ma sun wadatar, in an tabbatar ba a ƙara fulawa a ƙullun ba kuma ba da man ƙuli aka shafe tanda ba. Cincin kuwa yana yi da madarar kwakwa da mai a madadin madara da bota da ƙwai, sai dai ya ɗan fi tauri.

Wani abin da ke rikita mutane: aya ba dangin gyaɗa ba ce, saiwa ce, kwakwa ma daban take, kuma yawancin masu alajin gyaɗa suna cin wake da gurjiya lafiya. Amma sabon abu, ko mene ne, ba ranar Sallah ake fara ba yaro ba.

Maganar niƙa kuwa, ko a daka a gida a turmin da ba ya ganin gyaɗa, ko a yi da injin markaɗe na gida, ko a sayi garin leda. A fara toya na yaron da safe, hannu da kwanuka a wanke da sabulu, kafin a taɓa gyaɗar miya.

Abin da kwarashi ya kawo cikin zancen

Mai karatu zai ce to ina ruwan saƙa da wannan? Da ruwanta, ta fuska biyu.

Ta farko, yaran da ke da alajin abinci su ne sau da yawa suke fama da ƙaiƙayin fata da asma, don cututtukan 'yan gida ɗaya ne. Kayan Sallah sababbi, masu sitaci da rini da ƙyalƙyali, sukan tayar musu da fata. Hular da aka saƙa a gida da zaren auduga, aka wanke kafin a sa, ta fi musu sauƙi. Ulu na gaske, na gashin tumaki, kaushinsa ne yake sukar fata ya sa ƙaiƙayi. Wanda muke kira ulu a Makola da Kejetia kuwa yawancinsa roba ne. Yana da araha da launi, amma yana riƙe zufa, kuma in ya kusanci wuta narkewa yake ya manne a jiki, abin lura ga yaran da ke kewaya kurfoti. Yanzu da ƙaramar Sallah ke faɗowa cikin zafin Maris, lokacin da Bolga da Navrongo ke kaiwa digiri 40, auduga ce kawai mai ma'ana. Amma watanninmu suna ja baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara. A 2030 azumi zai kama ne a farkon Janairu, a yi Sallah a farkon Fabrairu, cikin hunturu. Yarinyar da ta koyi kwarashi bana, ita za ta saƙa wa ƙannenta rigar sanyin zuwa idi a lokacin.

Ta biyu ita ce 'yar jaka. A saƙa wa yaron ƙaramar jakar hannu mai launi mai ɗaukar ido, a zuba masa biskit ɗinsa da alewar da aka tabbatar da ita, a ɗinke wani ɗan ƙyalle a ciki da sunan abin da ba ya ci da lambar wayar iyayensa, da Hausa da Turanci. A koya masa in an ba shi abu ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya miƙa wa yayansa ya kawo gida, shi kuma ya ci na jakarsa. Bai ƙi kyauta ba, mai gida ba ta ji kunya ba. In aka saƙa wa duk yaran gidan irinta, babu ma wanda zai gane don wa aka yi. Igiyar kada ta yi tsawon da za ta naɗe wuya, ta rataya a hannu ta isa.

Saƙar kanta ba ta da wuyar da ake zato. Kibiya biyu tana son haƙuri, in ido ɗaya ya zame sai layi ya warware, shi ya sa yara suka fi saurin kama kwarashi, mai ido ɗaya tak a kan ƙugiya. Ɗan shekara bakwai zai iya jan sarƙa, ɗan shekara goma zai iya jaka, don jaka ba komai ba ce illa dogon ƙyalle da aka ninka biyu aka haɗe gefe. Hula ita ce mai lissafi, kuma a nan malanta take motsa mini. Ana farawa daga tsakiyar kai da ɗan zobe, a yi ta ƙara ido kowane zagaye har faifan ya kai faɗin da ake so, sannan a daina ƙari a sauko da bango. Yaya za a san faɗin? A auna kewayen kan yaron, a rage santimita biyu ko uku saboda saƙa tana miƙewa, a raba da 3.14. Kan ɗan shekara biyar yakan kai santimita 50, a rage uku saura 47, a raba ya ba da 15. Jariri sabon haihuwa wajen 34 zuwa 35 ne, babba 55 zuwa 58. Lissafin da'irar da yaran ƙaramar sakandare ke haddacewa suna tsaki, ga shi a kan ƙaninsu. In faifan ya fara lanƙwashewa kamar ƙoƙo ƙarin ya yi kaɗan, in ya yi tattara kamar bakin zane ya yi yawa.

Kada a ce aikin mata ne a kori samari. Wa yake ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga a ƙasar Hausa in ba maza ba, har da malamai da almajirai? A Daboya ma maza ne ke kan masaƙar fugu. Yaron da ya saƙa farar hular da babansa zai sa zuwa idi ba zai manta wannan Sallar ba, kuma awa ɗayan nan ta bayan tarawihi da ake ba waya ta samu abin yi. Ga tela ma an rage masa kaya, a makon da ba ya ɗaga kai.

In zare ya yi tsada, Kantamanto tana nan, ta farfaɗo bayan gobarar farkon Janairun 2025. Tsohuwar rigar sanyi guda tana ba da zaren hula uku ko huɗu. Sai dai a juya ta a duba haɗin gefe: in da sarƙar zare aka haɗa, za ta warware tsaf, in kuma yankawa aka yi aka bi da keken dalma baki, guntaye za a samu. A warware, a naɗe a bayan kujera, a wanke da sabulu marar turare, a shanya a rana sosai. Wannan wankin wajibi ne a gidan mai asma, saboda ƙurar dila da warin magani. Kayan jarirai kuma ban da maɓalli da duwatsun ado da za su iya cirewa su haɗiye, a kuma duba cikin safa, don silin zare yakan naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu ba a sani ba.

In abin ya faru duk da haka

Duk shirin da aka yi, yaro yaro ne, wata rana zai karɓi abu ya kai baki. Kowa a gidan, har yayyen da za su riƙe hannunsa, ya kamata ya san bambancin ƙaramin tashi da babba. Borin jini kaɗai ko ɗan kumburin leɓe, yaron yana magana yana numfashi daidai, ana ba da maganin ƙaiƙayi irin su Piriton in likita ya riga ya rubuta, a zauna a sa masa ido. Amma in murya ta shaƙe, ko tari ya ƙi tsayawa, ko ƙirji na kuka, ko harshe ya kumbura, ko ya yi laushi yana neman suma, wannan ba na gida ba ne. Piriton ba ya buɗe maƙogwaro. Maganinsa allurar adirenalin ce a cinya, kuma ana so a yi ta cikin mintoci. Irin wadda iyaye ke yawo da ita a jaka a Turai ba ta cika samuwa a kantunan maganinmu ba, don haka asibiti mafi kusa za a nufa, ko a kira 112.

Kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, kamar yadda aka saba in yaro ya sha wani abu. Maƙogwaron da ke rufewa ba a zuba masa komai. Kada a tsaya jiƙa rubutu ko neman hayaƙi, addu'a ana yin ta a hanya. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya zauna, amma kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi. Ko ya warware bayan allura a bari ma'aikata su riƙe shi na wasu awoyi, domin abin yakan dawo karo na biyu.

Saura magana da dangi, wadda ta fi duk waɗannan wuya. Surukar da ta tashi tun asuba ta yi miyar gyaɗa don jikanta ba za ta ji daɗi a ce mata a bakin ƙofa ba zai ci ba. A je mata tun ana saura mako, kuma ɗanta ne ya kamata ya je, ba matarsa ba, kowa ya san dalili. Ya ce, Hajiya, likita ya hana shi, kin tuna ranar da muka kwana asibiti. Ya tafi da jarkar mai a hannu, ya roƙe ta ta yi wa jikan nata miyar kuka ko ta kuɓewa da hannunta, a tukunya daban. Maƙwabta na kusa, gida huɗu ko biyar da aka san yaran za su shiga, uwa ta leƙa da kanta da ɗan biskit ɗin a faranti, su ɗanɗana, ta nuna musu jakar. Ranar hutu kuma ba kowane ƙaramin asibiti ne ke buɗe ba, sai a tambaya tun ranar jajibiri wanne ne zai yi aiki, a kuma ajiye lambar mai mota ko mai babur ɗaya na unguwa da aka san ba zai kashe waya ba.